Goron da Na Kai wa 'Yardada a Ƙwarya

Gwaggo Larai, don girman Allah ki cece ni da shawara, kuma kada ki sa wasiƙata a layi, domin saura kwana goma sha shida bikin unguwarmu. Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Dukawuya, aurena ma bai fitar da ni daga unguwar ba. Sunana ki bar shi kawai, ko da yake duk ɗan unguwarmu da ya karanta wannan zai gane ni tun kafin ya kai layi na uku.

Bari in fara da daɗin, don wallahi akwai daɗi. Shekara biyu muna ta maganar a yi wa unguwarmu wuni guda na nishaɗi, wanda uba zai riƙo hannun 'yarsa, uwa ta goyo jariri, kaka ta dogaro sanda, kowa ya zo ba tare da ya ji kunyar abin da zai gani ko abin da zai ji ba. Wuraren shaƙatawa duk suna can bayan ganuwa. Kafin ki loda yara biyar a adaidaita sahu ki kai su ki dawo da su, nishaɗin ya zube a hanya. To bana Allah ya yi. Mun sami filin makaranta ranar Asabar, tun hantsi har yamma, kuma ni aka naɗa sakatariyar kwamiti saboda wai ina da rubutu mai kyau.

Gwaggo, da za ki ga jadawalina! Masu gurasa bandashe sun kama rumfa biyu. Akwai masu waina, masu alkaki da dubulan, zoɓo da kunun aya. Marina za su zo daga Ƙofar Mata da ƙaramin baho na baba, kowane yaro ya tsoma farin hankicinsa da hannunsa ya tafi da shi gida. Maza za su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke, masu lalle suna gefe. Ga mai kukuma, ga 'yan mandiri, ga Umair ɗan unguwarmu mai fiyano da ya yi wa bikin waƙa ta musamman, har ɗalibaina sun haddace ta suna rera mini a aji maimakon su yi lissafi. Ko barcin kirki ba na yi don zumuɗi. Maigidana ya ce tunda aka fara shirin nan miyarmu ba ta sake samun gishiri daidai ba.

Amma filin nan ba a banza muka same shi ba. Dattawan unguwa, ƙarƙashin Malam Hashim wanda ke shugabantar kwamitin masallacinmu, sun daɗe suna ja. Da ƙyar suka yarda, bisa sharaɗi: a tsaya lokacin salla kuma a tashi kafin magariba, babu roƙo babu liƙi, sannan babu habaici ko zambo a lasifika. Da hannuna na rubuta takardar, da hannuna na sa mata hannu, har ina cika baki cewa in aka karya ko ɗaya a kama ni.

Yanzu ga inda na kwafsa. Ni na ɗauki nauyin raba goron gayyata a gidajen tsofaffi, ɗauri-ɗauri a farar leda. Ina isowa kan gida na ƙarshe, leda ta ƙare. Da ke gidan yana maƙwabtaka da namu, sai na faɗa kicin na ɗauko wata ƙwaryata mai kyau, na zuba goron, na rufe da faifai don kada ya zama raini, na shiga da sallama. Gidan 'Yardada ne.

Wataƙila ba ki san ta ba. 'Yardada ta haura saba'in, kuma ita ce shugabar masu kiɗan ƙwarya a yankinmu tun kafin a haife ni. Da muna yara babu biki ko suna da ake cewa ya yi armashi sai an ga ta kifa ƙoranta a cikin ruwa, 'yan amshinta sun kewaye ta. Shekara takwas ke nan da ta ajiye kiɗa, tun rasuwar ƙanwarta Asibi, wadda ita ce babbar 'yar amshinta. Tun daga nan ko guɗa ba a sake ji daga bakinta ba.

Da na ajiye ƙwaryar a gabanta, ba goron ta kalla ba, ƙwaryar ta kalla. Ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ta tambaye ni ranar, ta sake tambaya, sai kawai ta rangaɗa guɗa har jikarta Sa'adiyya ta fito a guje daga ɗaki. Ni kuwa sokuwa na fito ina murmushi, ina cewa kai, tsohuwa ta ji daɗin gayyata. Na ma manta da ƙwaryata.

Sai bayan kwana uku maƙwabciyata Hafsat, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta tare ni tana yi mini barka wai na yi abin da ya gagari kowa. A nan na ji labari. Ashe a al'adar matan unguwarmu ta da, in aka kai wa mai kiɗan ƙwarya goro a rufaffiyar ƙwarya, to an ɗauke ta kiɗa ke nan. In ba ta so, sai ta juye goron ta mayar da ƙwaryar. In ta riƙe, ta amsa, kuma a kan wannan ƙwaryar za ta buɗe fage ranar taro, sannan ta miƙa wa mai ita. Gwaggo, tawa har yau tana can.

Kuma ba ta zauna ba. Ta aika an nemo mata sauran 'yan amshinta huɗu da suka rage a raye, ɗaya ma daga Ƙofar Wambai ake kawo ta. Kullum bayan la'asar sai mu jiyo su ta katanga suna gwaji, har sun fitar da anko. Sa'adiyya ta ce kakarta ta daina kukan gwiwa, tana cinye tuwonta tas, ta sa an fito mata da tsohon mayafinta an wanke.

To ina matsalar? Bakin 'Yardada ne matsalar. Waƙarta ta cikin gida ce, ta mata zalla, kuma ba ta san kwana-kwana ba. Har yau ana ba da labarin baitin da ta taɓa yi wa wata mai aron turmi ba ta mayarwa, gidaje biyu suka shekara ba sa gaisawa. Akwai kuma waɗanda ba zan iya rubutawa a jarida ba, waɗanda in ta fara su ake korar yara waje. Ga shi kiɗan ƙwarya bai cika ba sai mata sun tashi sun yi liƙi. Ki duba fa, sharuɗɗa biyu cikin uku a wuyan tsohuwa ɗaya, a gaban maza da yara, a lasifikar da ake ji har bakin titi. In hakan ta faru dattawa ba za su sake ba mu fili ba, kuma da gaskiyarsu.

Na yi tunanin in ce mata jadawali ya cika. Na yi tunanin in haɗa baki da Umair, tunda kayan sauti a hannunsa suke, ya kashe lasifika in lokacinta ya yi, a ce janareta ne. Har rashin lafiyar ƙarya na yi tunani, Allah ya yafe mini. Maigidana dariya kawai yake yi, wai in je in faɗa mata gaskiya, kamar shi ne zai kalli idonta. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan ina juyowa. A na uku na shiga, kafin in buɗe baki ta ce ta tuno waƙar da ta yi wa mahaifiyata ranar aurenta, kuma da ita za ta fara. Ina shekara tara mahaifiyata ta rasu, Gwaggo, ban taɓa jin waƙar nan ba, ban ma san akwai ta ba. Na yi godiya na fito.

Ina son bikin nan kamar raina, kuma ba na son in zama wadda ta sake rufe bakin tsohuwar nan. Yaya zan yi?

Taki,
Sakatariya Mai Zumuɗi, Dukawuya.

AMSAR GWAGGO LARAI

'Yata Sakatariya, na yi dariya da na karanta wasiƙarki, daga baya kuma na share ido. Allah ya yi muku albarka da wannan biki. Da ƙafata tana da ƙwari da kin gan ni a rumfar gurasa.

Fara da cire maganar kuskure daga ranki. Kin kai goro a ƙwarya, ta riƙe ƙwarya, magana ta ƙare. Rashin saninki bai warware abin da al'ada ta ƙulla ba, kuma unguwa ta riga ta shaida. Saboda haka 'Yardada gayyatacciyar makaɗiya ce, kuma ke kika gayyace ta. Ban ga amfanin ki je ki gaya mata leda ce ta ƙare ba. Babu abin da wannan zai gyara, sai dai ya mayar mata da ciwon gwiwa.

Dabarar kashe lasifika kuma ki binne ta tun yau. Matar da ta yi shekara hamsin tana karantar fuskokin taro za ta gane kafin Umair ya ɗauke hannu daga waya, kuma wulaƙancin gaban jama'a ya fi na cikin ɗaki ciwo.

Amma dattawanku ma ba mugunta suka yi ba. Su suka sha wahalar sulhunta gidajen da baitin turmi ya raba, su za a tsare a ƙofar masallaci in wani ya ji abin da bai dace ba a gaban 'ya'yansa. Kin sa hannu a takarda, kuma alkawarinsu ya riga na ƙwarya. Don haka gidan Malam Hashim za ki fara zuwa, gobe ba jibi ba, ke da maigidanki, ya ajiye dariyar a gida. Ki faɗa masa abin da ya faru tiryan-tiryan. Ba mamaki shi ma da kiɗan 'Yardada aka kai amaryarsa. Kada ki je masa da kuka, ki je da tsari.

Ga tsarin. Makaranta ba ta rasa tsakar gida a bayan azuzuwa. Ku shimfiɗa tabarmi a can, ku tare ƙofa da labule, ku ba mata zalla awa guda bayan azahar, daidai lokacin da maza da yara suka tattaru wajen langa. Babu lasifika, domin ƙwarya ba ta taɓa buƙatarta ba. Maimakon liƙi, matan unguwa su haɗu su kai mata atamfa ita da 'yan amshinta tun ana gobe, a gida, cikin mutunci. Sannan ki roƙi Malam Hashim ya yarda ta hau babban dandamali da waƙa ɗaya tak wadda kowa zai iya ji, don yaran da kike koyarwa su san da me aka yi bikin kakanninsu.

Daga can sai gidanta. Ki zauna a ƙasa, ki karanta mata sharuɗɗan nan yadda suke, ki ce kanki ne a ciki, ki nemi ta rufa miki asiri. Ina ganin kin raina ta kaɗan, 'yata. Ta yi kiɗa a gidajen malamai, ta yi a gidajen 'yan kasuwa, ta san abin da ake rerawa a kowanne tun ba a haifi kwamitinku ba. Mai kaifin baki irinta ba ta son a yi mata wayo, amma in aka ba ta amana tana riƙewa. Zai iya yiwuwa ta ji haushi ta mayar miki da ƙwaryarki. In haka ta faru, ita ta zaɓa, da saninta, kuma kin fita haƙƙinta. Ni dai ban zaci za ta mayar ba.

Saura abu ɗaya. Kin cika mini shafi da gurasa da langa da janareta, sai can ƙasa kika saƙala maganar waƙar mahaifiyarki kamar ba komai ba. Na gani. Wannan waƙar a bakin mutum ɗaya ta rage a duniya, kuma ta haura saba'in. Ki ce wa Sa'adiyya ta ɗauka a waya, da izinin kakarta. Ranar Asabar ɗin kuma, da zarar 'Yardada ta kifa ƙwaryarki a ruwa, ki miƙa wa Hafsat jadawalin nan naki, ki kashe wayarki, ki nemi gefen tabarma kusa da ita ki zauna. Biki ba zai rushe don sakatariya ta ɓace na awa guda ba. Ki tafi da hankici, ba na rini ba.

Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya, ya ƙara wa 'Yardada kwana da murya, ya jiƙan Asibi, ya jiƙan mahaifiyarki.

Gwaggo Larai.