Wadda Take Zuwa Gaishe Ni Cikin Niƙabi Ba 'Yata Ba Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin Allah ya saka da alheri, a ɓoye sunana da na garinmu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga yaƙi da jahilci.

Ni uwa ce, muna wani ƙauye a ƙasar Doguwa. Maganar a kan 'yata ta fari ce. Kun san yadda aka tashe mu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ko ido ba a cika haɗawa ba. Ana yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, cikin gida ɗaya muke amma in ta gaishe ni kaina a sunkuye nake amsawa. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani, kunya ce. Tsohuwar ta rasu bara.

Shekara biyu ke nan da aurenta, ita ta kawo mijin da kanta. Yana sayen hatsi, gidansa a Kwanar Dangora. Mutum ne mai ladabi, tun daga zaure yake cire takalmi. Tun kafin biki ya ce matarsa niƙabi za ta sa, da safar hannu da ta ƙafa. Babu wanda ya ja, ni har daɗi na ji, sutura ai abin so ce. Da farko in ta zo, tana shiga tsakar gida take yaye shi ta rataya a igiya, ta shiga kicin tana buɗe tukwane. Daga baya ya karɓe wayarta, wai waya na ɓata mata. In Malam, mijina ke nan, ya kira ta layin mijin nata, sai ya ce tana salla, ko tana barci, ko shi yana kasuwa.

Daga babbar salla zuwa yau sau uku ya kawo ta, kuma duk da hantsi, lokacin da kowa yake gona. Ba ta cire niƙabin. Ta durƙusa a bakin ƙofata ta ce, “Ina kwana Inna,” can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, ni kuma in ce lafiya lau, ya mutanen gidan, ina kallon tabarma. Shi ya ce maƙogwaronta ke ciwo. Ko ruwan da na ajiye ba ta sha, sai ya yi hon a waje ta tashi. Sau biyu haka, ban kawo komai a raina ba.

Zuwa na ukun ne, tana zaune sai ta miƙe ta ɗauki buta. Bayinmu yana bayan ɗakin tsohuwa, tun kafin a kawo ni gidan a nan yake. Sai na ga ta nufi wajen rumbu. Ta je ta tsaya, ta waiga dama ta waiga hagu, ta leƙa garken awaki, sannan ta gano hanya. Ina riƙe da faifai ina sheƙar masara, na ajiye shi na bi ta da kallo. Yarinyar da aka haifa a gidan nan, ko ido aka ɗaure mata ba za ta ɓata ba.

Da ta fito ta tsuguna yin alwala, ta cire safa. Ranar na yi abin da ban saba ba, na kalle ta sosai. 'Yata tana rarrafe ta taka rushi, tabon ya kama gefen ƙafarta ta hagu har zuwa ƙaramin yatsa, ni na yi jinyarsa da man shanu. Wannan ƙafar sumul take. Ta ɗago ta ga ina kallo, ta yi sauri ta ja hijabi ta rufe. Muka haɗa ido ta wannan 'yar tsagar. Ban ga mugunta a idon ba, tsoro na gani. Sai ga hon ɗinsa, ta tashi suka tafi.

Da Malam ya dawo na gaya masa. Ya ce in ji tsoron Allah, tabo yana bajewa, kuma yaushe rabon da in kalli ƙafarta da har zan rantse. Ya ce wannan ƙazafi ne ga suruki, in maganar ta fita na kashe wa yarinya aure da bakina. Har ya ce ko idona ne ya fara, a kai ni a auna mini tabarau. Gaskiya ne kuma, na daɗe ban kalla ba.

Ranar kasuwa na ce zan je dubiya, na hau mota zuwa Kwanar Dangora. Gidan a kulle ta waje da kwaɗo. Na buga, na yi sallama, shiru, amma na ji kamar an ajiye kwano a hankali. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli a maƙwabta ta ba ni tabarma. Na tambaye ta matar gidan. Ta ce, “Wacce daga ciki, baiwar Allah? Mu dai baƙin yadi muke gani ya fita, baƙin yadi ya shiga. Ko ɗaya ce ko uku, sai dai ki tambayi katanga.” Ta yi 'yar dariya, sai kuma ta rage murya ta ce da damina suna jin kuka ta bayan gidan, amma an daina. Na ce an daina kamar yaya. Ta ce, “An daina dai,” ta koma kan ƙulinta.

Bayan kwana biyu sai ga surukin namu da shinkafa da sabulu. Ya durƙusa a zaure, ni ina bayan labule. Ya ce ya ji na sha hanya, ai da na aika da ya zo ya ɗauke ni, kada in ƙara wahalar da kaina. Ban gaya wa kowa na je ba. Sannan ya ce harkarsa ta koma kudu, zai tafi da iyalinsa, ran Juma'a zai kawo ta ta yi mana sallama. Malam ya sa masa albarka.

Yau Talata. Ba ni da shaidar da zan kai wa mai gari ko 'yan sanda sai buta da ƙafa, kuma mijina ba ya bayana. Ina tunanin in tara matan gidanmu su ƙi zuwa gona, in ta durƙusa in miƙa hannu in ɗaga niƙabin da kaina. In 'yata ce, na tozarta ta a gaban mutane, na ɗauki zunubin zato, kuma na san ba zai ƙara barina in gan ta ba. In ba ita ba ce, shi yana waje a kan mashin, ya ji hayaniya ya gudu, kuma in tana da rai a bayan wannan kwaɗon ban san abin da zai yi mata kafin mu isa ba. In kuma na yi shiru, ran Asabar sun bar ƙasar nan.

Malamai na cikinku, ya halatta in yaye wa matar wani lulluɓi a kan zato? Iyaye mata, in ku ne, za ku jira Juma'a ko gobe za ku je a fasa ƙofar? In na ɗaga na ga fuskar da ban sani ba, wa zan fara riƙewa, ita ko shi?