Igiyoyi Bakwai da Ka Ɗinka Mini

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uba, ina sanar da kai gida lafiya. Maamobi tana nan yadda ka bar ta, sai dai shagonka yanzu masu gyaran waya ne a ciki. Kekenka yana ɗakin Inna, ta lulluɓe shi da zane. Shekara uku ke nan da muka kai ka makwanci. Rahoto na kawo maka a kan wani aikinka, tunda kai mutum ne mai son a dawo a gaya masa ko ɗinki ya riƙe.

Za ka tuna gyaran injin jirgin ruwa ne ya kai ni Ada, inda kogin Volta yake shiga teku. Can wani da nake yi wa aiki, da zai koma ƙasarsu, ya bar mini ƙaramin jirginsa mai ɗaukar mutum biyu, wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi. Babban ƙyallen da ke kama iskar ya yage, na naɗo shi a motar haya ta trotro na kawo maka. Kai da aikinka ɗinka rumfunan tamfol na suna da zaman makoki, ko kwale-kwale ba ka taɓa takawa ba.

Ka shimfiɗa shi a tsakar gida, ka zagaya shi sau biyu, ka ce, "In iska ya yi yawa, yaya kake rage shi?" Na ce irin namu ƙanana ba mu ragewa, ƙarfin mutum ne ke riƙewa. Ka ce ko rumfa, in hadari ya taso, saukewa ake yi. Ka sa na nuna maka hotunan manyan jirage a waya, ka daɗe kana kallo.

Da na dawo karɓa, ban da facin da na nema, na tarar ka yi ƙari. Kamu biyu sama da gindin ƙyallen ka kafa zoben ƙarfe a gaba, wani a baya. Tsakaninsu ka jera igiyoyi bakwai, kowacce da ƙaramin faci, ka tufka su irin tufkar mazagin wando. Ban ce ka yi ba, kuma ban gode ba.

A Ada suka samu abin dariya. Tete, ɗan masunta wanda ya fi kowa iya tuƙi a cikinmu masu tseren ƙananan jirage, ya ja ɗaya ya ce, "Aboki, wannan jirgi ne ko wando?" Dama can magana suke yi cewa ɗan Zango bai san ruwa ba sai na buta. Ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, don haka na ƙudurta ko guguwa ce ba za a ga na ɗaura igiyar nan ba.

Sau ɗaya ka zo kallon tsere, cikin farar babbar riga. Iska ta yi ƙarfi ranar. Kafin mu tashi ka nuna mini igiyoyin da baki, na yi kamar ban gani ba. Ko kwanar farko ban kai ba jirgin ya kife. Wannan ba wani abu ba ne a wurinmu, hawa allon da ke ƙarƙashin jirgin ake yi a tayar da shi a ci gaba. Amma kai ba wanda ya gaya maka. Da na ɗago kai, sai na hango ka cikin ruwa har ƙirji, rigarka ta baje a sama, mutum biyu suna riƙe da kai. Kai da ba ka iya iyo ba.

Haushi na ji a ranar, ba tausayi ba, don na san za a yi wata guda ana ba da labarin. A mota, da muka wuce Tema, ka ce, "Igiyan nan, ba ado na sa ba." Ba ka sake zuwa ba.

To, jikarka Safiya yanzu shekararta goma sha shida, kuma ruwa ya shiga ranta fiye da yadda ya shiga nawa. Ita ke riƙe mini ƙaramin ƙyallen gaba. Uwarta Hajara, wadda Inna ta ba wa labarin shigarka ruwa har da ƙarin gishiri, ta yarda Safiya ta shiga tserenta na farko bisa sharaɗi ɗaya: in jirgin ya kife da ita a ciki, ita da Ada sai dai a hoto. Ka san Hajara, ba ta maimaita magana.

Asabar da ta wuce aka yi tseren, jirage tara. Tun hantsi kwakwa ke rangaji, ruwan ya yi fari-fari. Na duba, ba wanda ya rage ƙyalle. Safiya tana sanye da rigar ruwa mai hana nutsewa, nauyinta bai kai na buhun masara ba, ta dube ni ta ce, "Baba, wa aka ajiye wa igiyoyin Kaka?"

Ga yadda na yi, ka duba ko daidai ne. Tun muna kan yashi na juya kan jirgin ya fuskanci iska. Na sassauta igiyar da ke ɗaga ƙyallen, ya sauko har zoben gaba ya iso sandar da ke kwance a gindin ƙyallen, na ɗaure shi. Na ja zoben baya ƙasa da waje har ƙyallen ya miƙe ba tattara, sannan na sake ɗame igiyar sama. Abin da ya yi rara muka nannaɗe, kamar yadda kake tattare hannun riga bisa kafaɗa in za ka hau keke. Safiya ta ɗaura igiyoyinka ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba, don zobba ne ke ɗaukar nauyi, su riƙe naɗin kawai suke yi. Shekara bakwai suna lilo a rana da gishiri, ba wadda ta tsinke.

Tete ya wuce mu yana tafi, ya ce yau aboki ya ɗaura wando. Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye maka ba.

A ruwa, masu cikakken ƙyalle suka fita da gudu, amma kowace iska ta bugo sai jirginsu ya kwanta, su saki igiya, ƙyalle ya yi ta kaɗawa a banza. Namu yana tsaye yana tafiya. In muka juya iska tana bayanmu sai su wuce mu, in muka fuskance ta mu kamo su. Uku suka kife. Sau ɗaya wata ta buge mu har ruwa ya leƙo ta gefe, na ji Safiya tana salati, jirgin ya yi tunani ya miƙe. Da kamu biyun nan suna sama, da a nan zancen ya ƙare.

Mun zo na huɗu. Babu kofi ga na huɗu. Safiya ta sauka da ƙafarta, ta kira uwarta kafin ta cire rigar ruwa, kuma mako mai zuwa za ta koma.

Muna kwance naɗin sai ga Tete, jiƙe sharkaf, don yana cikin ukun nan. Ya tsuguna, ya juya faci ɗaya yana duba bayan ɗinkin, ya daɗe. Ya ce, "Wannan tela, ina shagonsa? Ina so ya yi mini."

Na ce masa telan ya rufe shago.

Na koma bayan jirgi na yi ta naɗe wata igiya da ba ta buƙatar naɗi. A nan ne na ga abin da ban gani ba a ranar: dattijo mai tsoron ruwa ya shige shi har ƙirji saboda ni, ni kuma kunyarsa nake ji. Baba, ka yafe mini. Ɗinkin ya riƙe, na gode.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa ka a inuwar da iska ba ta ɗagawa. Ya haɗa mu a gidan aminci. Amin.

Ɗanka,
Sule Makanike
Maamobi, Accra