Ni Ce Na Tono Maganar Jan Fentin Gidan Mama

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, har da wanda ba za ku iya ba. Shawara nake nema, ko da yake ni kaina ban ga ta inda za ta ɓullo ba.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta aikin jarida a nan Abuja, ina zaune wurin yayata a Kuje. Ina da ƙawa, zan kira ta Rahila, ba sunanta ke nan ba. Tun ajin farko muke tare. Ita ta ja ni, kusan da ƙarfin tsiya, na shiga reshen ɗalibai na wata ƙungiyar ƙwararru masu aikin hulɗa da jama'a. Da farko raina abin na yi, na ce mata ƙungiyar masu sa kwat ce, a sha lemo a ɗauki hoto a watse. Ta ce in dai ina so in ga cikin ofis da idona kafin na tsufa to in zo, don a garin nan digiri ba ya buɗe ƙofa sai wani ya san fuskarka. Gaskiyarta kuwa. A wani taron ƙungiyar wani babba mai kamfanin hulɗa da jama'a ya zo ya yi mana lacca a kan ɗa'ar aiki. Ya ce su ba sa ƙarya, gaskiya ce ke da yawa, su kuma su zaɓi wadda za su faɗa. Muka tafa masa, ni har rubutawa na yi don ta burge ni. Da aka tashi Rahila ta tura ni gabansa ina noƙewa, ta ce masa duk makarantar babu mai iya sarrafa Hausa a rubuce kamar ni. Da bakin Rahila na samu gurbin sanin makamar aiki a kamfaninsa. Zan kira shi Oga, don haka kowa ke kiransa.

Mahaifiyar Rahila, wadda nake ce wa Mama, a Orozo take. Mijinta ya rasu, tana sayar da masara da acca a ɗan shagon da ke jikin gidan. Matar nan Kirista ce, amma ta sayo buta da tabarma ta ajiye saboda ni kaɗai, kuma in lokacin sallah ya yi ita ke tuna mini. Na sha gwatenta har na daina kunyar neman ƙari. Wata rana muna zaune da Rahila a bayan gidan muna ɓarar gyaɗa, na tambaye ta dalilin da katangarsu ta shige ciki ba ta yi daidai da ta maƙwabta ba. Ta ce ai tun tana ƙarama ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa wa tsohuwar katangar jan fenti, alamar rusau, wai ta shiga hanyar ruwa. Babanta bai tsaya jayayya ba, ya rushe ta da hannunsa ya ja baya, maganar ta mutu. Hira ce kawai, muka wuce ta.

Da daminar nan ta yi ƙarfi, wani kamfani mai gina rukunin gidaje ya karkatar da magudanar ruwansa, ruwan ya gangaro ya shiga gidajen mutanen ƙasa da su. Wata mata ta tsaya cikin ruwa har gwiwa, buhunanta sun jiƙe, tana kuka tana nuna katangar kamfanin, wani ya ɗauke ta a waya ya saka. Bidiyon ya zaga ko'ina, 'yan jarida suka fara kira. Kamfanin nan kuwa mu ke kula masa da suna. Oga ya tara mu ya kunna mana bidiyon a babban allo, ina ɗaga kai na ga Mama. Zanen da ke jikinta ma na san shi. Me ya hana ni cewa Oga, wannan uwata ce, a cire ni daga aikin nan? Wallahi har yau ban san amsar da zan ba ku ba.

Oga ya ce, "Video ɗin nan yana kashe mana client. Kun san ni, ba na son ƙarya. Ku nemo mini wani angle, wata fuskar da za a kalli labarin. Duk wanda ya juya maganar nan, kujerarsa na nan in ya gama makaranta."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, a irin wannan yanayi akan miƙa wa ƙanana irinmu wayoyi masu shafukan bogi, mu shiga ƙarƙashin labari mu yi ta sharhi kamar mutanen gari ne ke magana. Abokan aikina suka yi ta rubuta shirme da Hausar da ko ɗan koyo ba zai yarda da ita ba, mutane na yi musu dariya suna ce musu 'yan kwangila. Ni ina gefe ina taɓe baki, ina cewa a raina ai ba haka ake yi ba. Kun ga inda shaiɗan ya shigo mini? Ba ta yunwa ba, ba ta tsoro ba, ta son a ce na iya. Na ɗauki waya ɗaya mai hoton wani dattijo, na rubuta da muryar tsoho mai jin nauyin magana. Na ce Allah Ya mayar mata da alheri, mu maƙwabta mun tausaya mata, amma a ji tsoron Allah, gidan nan an taɓa shafa masa jan fenti tun maigidan na da rai saboda yana kan hanyar ruwa, a tambaye ta in ƙarya ne. Ban rubuta cewa an rushe katangar an ja baya ba. Rabin na zaɓa, kamar yadda aka koya mana. Sannan na ɗauki sauran wayoyin na yi ta amsa wa tsohon nawa, wata ta ce ita ma ta tuna, wani ya ce dama ya san da wata a ƙasa.

Kun san yadda jan fenti yake a garin nan, da an ambace shi magana ta ƙare. Wani ɗan jarida ya je ya tambayi Mama ko gaskiya ne an taɓa shafa wa gidanta, ita kuma da ba ta iya ƙarya ba ta ce e, ta fara bayani, aka yanke bidiyon daidai kan e ɗin. Waɗanda suka yi ta kuka dominta su suka koma zaginta, wai ta yi gini kan hanyar ruwa tana neman ta ci kamfani. Maƙwabtan da ruwa ya shiga gidajensu suka juya mata baya, suka ce ita ta ɓata musu magana. A ofis kuwa Oga ya sa aka tafa mini, ya kira ni tauraruwa. Abin da ya fi ba ni kunya, na ji daɗi. Har na kai Kuje ina murmushi a mota, sai ga kiran Rahila a wayata.

Kuka take yi. Ta ce wani munafuki a unguwarsu ya tono abin da aka binne tun tana yarinya. Ta lissafo duk wanda take zargi, har ta je ta yi wa wani maƙwabcinsu tas a ƙofar gidansa, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni ko a lissafin ba ta saka ni ba. Na yi ta ba ta haƙuri, har da cewa Allah Ya tona asirin ko wane ne. Wace irin mutum ce ke iya wannan addu'ar da bakinta? Na koma na goge sharhin, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana yawo ba ya buƙatata.

Sai ga abin da ban taɓa kawowa ba. Surutun ya jawo hankalin ma'aikata, suka zo duba wurin, suka shafa wa gidan Mama sabon jan fenti, wannan karon har da shagon. Ba ta da wata takarda da ke nuna an taɓa gyara wancan, wanda ya yi gyaran kuma yana kabari. Gidan nan shi ne komai nata, ba ta da inda za ta koma.

Na samu Oga a ofis na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya dube ni ya tambaya ko ƙarya na rubuta. Na ce a'a, amma rabi ne. Ya ce to shi bai ga matsala ba, shi angle ya ce a nemo, bai ce a buɗe shafin bogi ba, kuma wayoyin a hannuna suke. Ya tuna mini na yi alƙawarin riƙe sirrin kamfani, ya ƙara da cewa yana cikin kwamitin ladabtarwa na ƙungiyarmu, kuma yarinyar da aka kora daga ƙungiya tun tana ɗaliba babu ofishin da zai sake dubanta. Ya faɗa cikin sanyin murya, har da ce mini 'yata. Na fito na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na koma kan tebur, don ko ƙarfin halin ajiye aikin ban samu ba.

Na yi ta juya abin. In na fito na ce ni ce, na rasa Rahila, na rasa ƙungiya, na rasa aikin da na yi shekaru ina karatu dominsa, kuma wa zai yarda da wadda ta amsa da bakinta cewa ita mai shafukan bogi ce? Fentin zai goge kansa don na yi nadama? In na yi shiru kuma, ranar da motar rusau ta zo, a ina zan tsaya? Gefen Rahila ina riƙe mata hannu? Abinci ya daina shiga mini, yayata har ta fara tambaya ko wani saurayi ne ya yaudare ni.

Shekaranjiya Mama ta kira ni da kanta. Muryarta ta dishe. Bayan ta tambayi lafiyar yayata da karatu, ta ce da irin Hausarta:

"Yarinya na, Rahila ya ce kai ne ka fi kowa iya rubutu. Ka zo ran Asabar, ni zan faɗa maka yadda baban su ya fasa katanga, kai kuma ka rubuta da kyau ka sa a waya. Mutumin da ya rubuta wancan ya iya magana, ni ban iya ba. Ka taimake ni ka amsa masa."

Na ce to Mama, zan zo.

Ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta kashe wayar. In na rubuta, Oga zai gane hannuna tun a layin farko, kuma zan zama na wanke ta da hannun da ya jefa ta ba tare da ta sani ba. In na ƙi zuwa, na sake cin amanarta. In na faɗa mata gaskiya, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka a kan abin da take ciki ba. Jama'a, don girman Allah, ran Asabar in na zauna a gaban matar nan ta fara ba ni labarin da na riga na sani, me zan yi?