Tambarina da Tanderun Juvenal

Litinin, 2 ga Yuni

Hoton da ake ɗauka don ganin cikin walda ya dawo, kuma ba kyau. Dona Solange, mai duba waldar ɓangarenmu, ta kira ni ofis ta ɗora fim ɗin a kan fitila. Ƙananan ramuka ne cike da haɗin, kamar cikin burodi. Ta sa min "Seu" na girmamawa a gaban suna, ta ce, "Seu Valdemir, aikinka ne wannan?" Sai ka ce ba ta ga lambar ba. Tambarina ne a gefen haɗin, ni na buga shi da hannuna.

Bututun ruwan sanyaya tashar nukiliya ne, ba ƙofar gareji ba, na sani, ba sai ta tuna min ba. Amma ta tuna min. Na ce tun tana rarrafe nake walda. Ta ce ita ba shekaruna take dubawa ba, hoto take dubawa. Raina ya ɓaci har na manta hulata a ofishin.

Laraba, 4 ga Yuni

Na yanke haɗin na sake shi. Na bi shi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Da rana na zauna da Juvenal a bakin sito. Shi ne uban baftismar 'yata Lucimara, shi ya tsaya mata a coci, shi ya sa muke kiran juna compadre. Tare muka yi ƙuruciya a wurin ƙera jiragen ruwa, kafin kafaɗarsa ta lalace a ba shi sito. Kullum da safe kwanon abincina nake miƙa masa, ya ba ni sandunan walda, da rana ya dawo min da shinkafa da waken matata Neuza suna tururi. Kantin ma'aikata yana can ƙarshen duniya, kafin ka je ka dawo hutu ya ƙare.

Ya ce, "Compadre, tsufa ne. Ka sayi tabarau ka huta." Na ce wanda ko cokali ba ya iya ɗagawa sama da kunnensa ne zai kira ni tsoho. Muka yi dariya. Tawa dai ta baki ce.

Juma'a, 6 ga Yuni

Haɗin ya sake faɗuwa a gwajin hoto. Ramukan nan dai.

Asabar, 7 ga Yuni

Sun karɓi tambarin. Dona Solange ta sa shi a aljihun teburinta ta kulle a gabana. Ƙarfe ɗan guntu kamar yatsa, amma in babu shi babu walda a tashar nan.

Dokar hukuma ce, in ji ta. Faɗuwa biyu a jere, a riƙe tambari, a nemo sanadi. In an samu sanadi a waje, a mayar min. In ba a samu ba, za a rubuta cewa hannun mai walda ne. Mutumin hukuma zai zo ran ashirin ga wata ya rufe maganar. Wanda aka rubuta wa haka ya gama da tashar nukiliya, da matatar mai, da duk inda ake ɗaukar hoton walda. Sai dai in koma ƙera tagogi a bayan gida.

Na tambaye ta me ya sa ni kaɗai. Ta ce ni kaɗai ake ɗaukar hoton duk haɗin da na yi a ɓangaren nan. Sauran suna kan ƙarafan tallafe bututu, da ido ake duba nasu.

Ban gaya wa Neuza ba. Na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 8 ga Yuni

Neuza ta gane. A coci ta ga ina miƙe hannuna ina kallon ko yana rawa. Ba ya rawa. Ko yana yi? Da na daɗe ina kallonsa sai ya fara.

Talata, 10 ga Yuni

Na je wurin likitan ido a gari. Ya ce idona ya fi nasa. Na so in rungume shi, na kuma so in mare shi. Da ya ce ido ne, ai da na san abin da zan yi.

Dona Solange ta auna injin walda, lafiya. Ta duba ƙarfen bututun, lafiya. Ta duba ma'aunin zafin tanderun da ake ajiye sanduna don kada su sha danshi, da safe da yamma, daidai yake. Komai lafiya sai ni. Ba muguwa ba ce, gaskiya. Ta ce, "Irin ramukan nan danshi ke kawo su, amma ban ga ta inda ya shiga ba. Ka taimake ni in taimake ka." Da me zan taimake ta?

An ba ni tsintsiya. Ni Valdemir. Yaran da na koya wa riƙe sanda suna wucewa suna kallon ƙasa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Ban taɓa kasancewa kusa da sito dab da hutun rana ba, koyaushe ina cikin bututu. Yau shara ta kai ni can. Ƙamshin tafarnuwa na fara ji. Na leƙa. Ga Juvenal ya buɗe tanderun sanduna, ya jera kwanonin abinci a kan shantar sama, nawa a gaba, murfi a ɗage. Tururi na tashi yana sauka a kan sandunan da ke ƙasa. Sandunan da yake miƙo min in yi walda da su.

Na ce, "Compadre, me kake yi?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Abin da nake yi tun da sanyi ya shigo. Kai kana tsammani a hammata nake ɗumama maka?"

Wallahi ban taɓa tambaya ba. Abinci ya zo da zafi, na ci.

Na ce wannan ne ya kashe ni. Ya yi dariya har da riƙe kafaɗa. Wai a wurin jirage haka kowa ke yi, ni ma na sani, kuma jirgi nawa ya nutse saboda wake? Na ce jirage ba a ɗaukar musu irin wannan hoton. Ya ce, "To hoton ne matsalar, ba waken ba."

Ba wasa yake ba. Da gaske bai yarda ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na roƙi Juvenal ya je ya faɗa da bakinsa. Fuskarsa ta sauya. Ya ce ƙarshen shekara zai ajiye aiki da mutuncinsa, in aka kore shi kan laifi irin wannan me zai ce wa matarsa? Ya ce, "Kuma a kan me? A kan abin da ba shi ba ne? Hannunka ne, compadre, ka yi haƙuri. Kowa da ranarsa. Ni ma tawa ta zo, ban ɗora wa kowa ba."

Da ba shi ya riƙe Lucimara a gaban fadan coci ranar baftisma ba, da na fasa masa baki.

Na ce to ya daina. Ya ce zai daina in yaran suka daina kawowa. Ba za su daina ba, a nan ƙasarmu Yuni lokacin sanyi ne. Ko ya daina ma me ya amfane ni? Sanadi ake nema, ba tuba ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na gaya wa Neuza komai. Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Watau wakena ne." Na ce ba wannan ne zancen ba. Ta ce ta sani.

Ta ce matar Juvenal ta riga ta aiko cewa masarar bikin São João, na waliyyin nan da ake hura wuta a ƙofar gida, tasu ce bana, mu mu kawo gyaɗa da itace. Ta ce, "Ka faɗa ko kada ka faɗa, amma ka daina zagaye ɗakin nan, kana sa ni jiri." Sai kuma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, tagar ɗakin jaririn Lucimara tana kallon tashar.

Ba na so in ɓuya a bayan jariri. Tambarina nake so. Wannan ce gaskiyar, kuma nan kaɗai zan faɗe ta.

Litinin, 16 ga Yuni

Na miƙa wa Juvenal kwanon kamar kullum. Na ci da zafi. Allah Ya yafe min, har da ƙari na so.

Laraba, 18 ga Yuni

Dona Solange ta ce jibi ne, kuma ba ta da abin da za ta nuna wa mutumin hukuma. Ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta.  Ta tsaya tana jira ko ina da abin faɗa. Na ce ina da shara.

Ba zan iya ambaton sunan Juvenal ba. Ba zan iya ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban ambaci sunan kowa ba. Wannan dai a san shi.

Da safe na bar kwanona a jaka. Juvenal ya miƙo hannu yadda ya saba, ya ce, "Kwanon fa?" Na ce cikina ba daɗi yau. Ya ce in sha shayin ganye, in daina cin raina a kan abin da ya wuce.

Na je wurin Dona Solange na ce kamar ma'aunin tanderun nan yana wasa, ta zo ta duba, amma ba da safe ba, dab da hutu. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Dab da hutu." Na ce e.

Tun kafin ta kai ƙofar sito ta rage tafiya, hancinta ya gaya mata. Ina can gefe da tsintsiyata. Ta ce, "Seu Juvenal, buɗe min." Ya buɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haba, Seu Juvenal," shi ke nan, sai ta kira foman.

Juvenal ya ɗauki tsumma yana fito da kwanonin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai kowane, yana miƙa masa, don kada abincin mutane ya lalace. Da ya fito da na ƙarshe ya leƙa cikin tanderun, sai ya juyo ya neme ni da ido.

Ya ce, "Naka ne kaɗai babu, compadre. Cikin ya yi sauƙi?"

Juma'a, 20 ga Yuni

Mutumin hukuma ya zo. An samu sanadi. An rufe tanderun, an zubar da sandunan duka, an tsayar da aikin ɓangaren. Duk haɗin da aka yi da sandar sito tun farkon sanyi za a ɗauki hotonsa, wanda ya faɗi a yanke. Juvenal ya fita da rana da jakarsa, mai gadi na biye da shi. An tambaye shi ko akwai wanda ya san yana yi. Ya ce shi kaɗai ne.

Yaran ba sa yi min magana. Ko oho.

Talata, 24 ga Yuni

São João. Neuza ta soya gyaɗar duk da haka. Itacen yana nan a bakin ƙofa. Da yamma hayaƙi ya tashi ta layin su Juvenal, ana jin kiɗa. Lucimara ta je can da jaririn, ta ce ita ubanta na baftisma bai yi mata komai ba. Ban hana ta ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Hotunan yaran sun fara dawowa. Da yawa sun faɗi, wasu ma sun fi nawa muni. Dona Solange ta nuna min ɗaya ta ce da an binne shi a kankare, da shi ke nan. Ta ce na yi daidai. Na ce ni ma'auni kawai na ce ta duba.

Talata, 8 ga Yuli

An mayar min da tambarin. Na yi haɗin gwaji da busassun sanduna, hoton ya fito fes, ko ɗigo babu. Hannuna ne dai, yana nan yadda na san shi. Na ɗauka zan yi tsalle. Na buga lambar, ta ɗan karkace, ban taɓa karkatar da ita ba.

Kamfani ya kawo na'urar ɗumama abinci ya kafa a wata rumfa kusa da sito. Sabuwa fil, da takarda a manne a kai. Kowa na layi. Ni na ci nawa da sanyi a kan bututu. Neuza ta ce ta ji labarin na'urar, me ya sa kitse ke daskarewa a kwanona? Na ce layin ne ya yi tsawo.

Ta layin su Juvenal na biyo yau ma daga tashar bas. Yana zaune a baranda yana gyaran wata kujera da hannu ɗaya, ƙafarta ta ƙarfe ce ta karye, aikin minti kaɗan ne ga mai injin walda. Bai ɗago ba. Ni ma ban tsaya ba.

Na dai fito da ƙaramin injina daga ƙarƙashin gado na goge shi. Ya daɗe yana shan ƙura, shi ya sa.