Makullin Mangazar Kawu

Talata da dare, Damagaram.

Yau mun fita roƙon ruwa. Kawu Ari yana sahun gaba, ya juya rigarsa kamar kowa, har da hawaye. Muna dawowa muka tarar da yayarsa, Inna Falmata, ta tako daga Gafati neman tiya ɗaya ta hatsi. Mangazarsa ta ajiyar hatsi cike take, amma ya ce, "Yaya, sai haƙuri, fari ƙaddara ce."

Tuwo ma ya ƙi ciyuwa. Allah ya ba mu Musulunci kyauta, ya bar wa kowa zaɓi. Zakkar bara ma Kawu bai fitar ba. Na yarda ruwan sama ba a hannunsa yake ba. Amma makullin mangazar yana aljihunsa, na ji ƙararsa da ya yi sujada.