Humrar Shinkafi da Harshen Yaya Na'Allah

Litinin, 6 ga Oktoba

Hajiya Saudat ta Shinkafi ta ba ni aikin humrar bikin ɗiyarta. Aiki mafi girma tun da na fara haɗa turare a Kaura. In ya yi kyau, na shiga Shinkafi ke nan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yaya Na'Allah, wan mijina, ya iso daga Zurmi, ya iske jarkar sifirit a zaure. Ya tambayi Aliyu mene ne, shi kuma mijin nawa da bakinsa ya ce, "Wai alkohol ne." Yaya ya saki salati har maƙwabta! Wai ina shafa wa Musulmi giya suna zuwa masallaci. Aliyu ya ce in dakata sai Yaya ya yanke hukunci. Yayan da gero kawai ya sani!

Alhamis, 9 ga Oktoba

Daga bayan labule na yi bayani: sifirit shi ke tashin ƙamshi, ya bushe nan take, kuma tun daga kamfani an zuba masa abin ɗaci don kada kowa ya sha. Ya ce, "Ɗaci? Miƙo in ji." Na ce Yaya, ba a sha. Ya tsoma yatsa ya lasa.

Wayyo dariya! Ya tofa, ya kuskure baki, ya ci ƙuli-ƙuli, ya sha fura, yana hawaye yana faɗin, "Wallahi wanga ba giya ba ne!" Sai surukata Inna daga kan tabarma: "Na'Allah, ina ka san ɗanɗanon giya?" Na shige ɗaki na cusa zane a baki.

Jumu'a, 10 ga Oktoba

Yaya da Aliyu sun je wurin liman. Ya ce malamai sun yi saɓani, da yawa sun halatta, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Yaya ya koma Zurmi, har yanzu yana tofi. Na ci gaba da aiki.

Talata, 14 ga Oktoba

Humra ta tafi Shinkafi. Hajiya ta kira, ta ce ƙawayenta na son lambata. Na yi murna ƙwarai.

Na sa wa amarya wata ƙaramar kwalba daban, zallar mai, ba sifirit, ta lokacin salla. Ni ma ɗazu na wanke wuyana kafin la'asar. Zafi ne kawai, garin akwai zafi.