Baftisma ko Jumai

Kibiya, Agusta 1960

Zuwa ga Yaya Gajere,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan damina tana yi muku albarka a Rurum. A gaishe mini da matanka, Yaya Yalwa da Jumai, da yara.

Bayan haka, dattawan ikkilisiya sun zauna da Baturen mishan a kan waɗanda za a yi wa baftisma idan ruwa ya ɗauke. Sunanka ya fito. Kowa ya shaida ka bar giya da tsafi, kuma a rumfar ƙofar gidanka ake sujada ran Lahadi. Abu ɗaya ya rage: mai mata biyu sai ya riƙe ta fari, ya sallami ta biyu. Ni aka ɗora wa gaya maka, don ni ne mai bisharar wannan yanki, kuma ƙaninka. Ba da son raina ba. Ana jiran amsarka kafin zama na gaba.

Ƙaninka mai biyayya,
Manu

Rurum, Agusta 1960

Manu,

Ina gaishe ka, ina gaida dattawa. Takardarka ta iso, kuma da kaina na karanta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci. Ku kuka ba ni Littafi kuka ce in karanta, to sai ku yi haƙuri da abin da na tsinto a ciki.

Da Yakubu ya faɗo hannun dattawan Kibiya, da sun ce ya riƙe Lai'atu ya sallami Rahila. To wa zai haifi Yusufu? Wa zai cika rumbunan Masar? Da yunwa ta share kowa, mu huta da gardama. Dauda kuma, wanda muke rera waƙoƙinsa kowace Lahadi, a ƙirga mini matansa. Sulemanu ban ma kawo shi ba, don shi ya wuce gona da iri. Amma ni mai biyu na san dalilin da aka ce ya fi kowa hikima.

Na ga inda aka ce shugaban ikkilisiya ya zama mijin mace ɗaya. Na yarda. Ni ba shugabanci nake nema ba, ruwan baftisma nake nema, a ba ni bencin baya kusa da ƙofa. Na kuma ga inda aka hana mutum raba abin da Allah ya haɗa. Ka tambayar mini Bature, cikin igiyoyin nan biyu wacce ce Allah bai sani ba lokacin da aka ɗaura.

Na ƙarshe kuma naka ne. Babanmu mata uku gare shi. Uwata ce ta fari, taka ce ta uku. Da wannan doka ta riske shi, da yau ba ni da ƙanin da zai rubuto mini takarda, ikkilisiya kuma ba ta da mai bishara.

Yayanka,
Gajere

Kibiya, Satumba 1960

Yaya,

Bayan gaisuwa, an sa ni na karanta takardarka a gaban zama. Dattijo Ramalan ya yi dariya har ya ƙware. Bature bai yi ba. Ya ce tun farko mace ɗaya Allah ya yi wa Adamu, daga haƙarƙari ɗaya, kuma abin da aka ƙyale mutanen dā saboda taurin zuciya ba shi ne tafarki ba. Ni ma haka na gaskata, haka nake koyarwa.

Ban karanta musu maganar uwata ba. Kada ka ƙara sa ta cikin wasa, tana kwance a kabarinta.

Ka san abin da ke gabanmu. Akwai magidanta da yawa masu mata biyu a Rurum da suka zuba ido su ga yadda za a yi da kai. Bature ya ce idan gidan mai bishara ya gagare shi, makarantar da aka yi niyyar buɗe wa yaranku za a kai ta wani gari, ni kuma a sake duba aikina. Ba a ce ka jefar da Jumai ba. Ka gina mata ɗaki a wajen danginta a Kahu, ka riƙa aika hatsi. Ina roƙonka, Yaya, ka amsa ba da ba'a ba.

Ƙaninka,
Manu

Rurum, Satumba 1960

Manu,

Na ji. Ka yafe mini maganar Inna, ba don in ɓata maka rai na yi ba.

Amma ka gaya wa Bature, Adamu bai zaɓa ba, ita kaɗai ce a duniya. Kuma ɗayar nan ta ishe shi barin gonar da Allah ya sa shi. Da su biyu ne, da ɗaya ta miƙa hannu ga ɗan itacen ɗaya ta buge hannun, har yau muna can muna shan inuwa. Ni a gidana haka ake yi.

Ka ce in aika hatsi Kahu. Jumai ba jaka ba ce da za a ɗaure a wani gida ana kai mata dusa. Ta zo gidan nan da mutuncinta, ba ta yi mini laifi ba, kuma ta riga ni karɓar bishara. Ana ta shelar wata mai zuwa ƙasa za ta sami mulkin kai. Ni kuwa ɗakuna biyu sun gagare ni mulki.

Ka yi haƙuri da rubutun, sanyi ya ɗan taɓa mini hannu.

Gajere

Rano, Oktoba 1960

Manu, ɗan ɗakina,

Ni ce Yalwa. Na zo kasuwar Rano na sa Malam Haliru mai rubuta wasiƙu ya rubuta maka, yayanka bai sani ba. Ina gaishe ka da aiki.

Ba sanyi ba ne. Tun tsakiyar damina yake tari da jini, yanzu daga ɗaki zuwa rumfa sai an riƙe shi. Ya hana a gaya maka, wai kada a ce da ciwo ya sayi baftisma. Takardun nan da kuke yi wa dariya, sai ya huta sau da yawa kafin ya gama ɗaya. Yana son ruwan nan, Manu. Ya tambaye ni ko Allah zai karɓe shi in ya tafi babu baftisma.

Jumai ta ji tambayar. Ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta tare wa mutum ƙofar sama ba, ran kasuwa mai zuwa za ta tafi Kahu. Da ya ji, sai ya juya fuska ga bango, tun ranar bai ci abin kirki ba.

Ka san Allah bai ba ni haihuwa ba. Ni na je na nemo masa ita, 'ya'yanta a bayana suka girma, kamar yadda ka girma a bayana da Inna ta rasu. Ita ke kama shi ta dama, ni ta hagu. To ka gaya wa dattawanka, in ta fita ni ma na fita. Sai su zo su yi wa gwauro baftisma, su kuma zauna su yi jinyarsa.

Ban san Littafi ba. Kai ka sani. Ka duba ka gaya mini abin da zan ce masa.

Yalwa

Kibiya, Oktoba 1960

Yaya Yalwa,

Na gaishe ki, na ji kunyarki.

Na kai maganar gaban zama. Dattijo Ramalan da wani sun goyi bayana, sauran sun ƙi, doka tana nan yadda take. Ba ni da ikon yi masa baftisma, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ina da shi ba.

Ki ce wa Jumai ta kwance kayanta. Ki ce wa Yaya akwai ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji, ba wanda ya kai shi rafi don baftisma, kuma a ranar aka karɓe shi. Sauran zan faɗa masa da bakina.

Ina tafe ran Asabar. A ƙasa zan zo, don na ajiye aikin, na mayar wa 'yan mishan kekensu, sai ku sa rai da ni wajen la'asar. A share mini ɗakin Inna, zan daɗe.

Ɗanki,
Manu